Ƙwayar cuta kyauta, rigakafi da kuɗi: yadda duniya ke haɗa kai wajen binciken sababbin annoba

Ranar 11 ga Janairun 2020, wani masanin ƙwayoyin cuta na birnin Shanghai mai suna Zhang Yongzhen yana cikin jirgin sama ana shirin tashi, sai wayarsa ta yi ƙara. Abokin aikinsa ne, Edward Holmes na Jami'ar Sydney da ke Ostareliya, yana neman izinin sakin wani abu a intanet. Kwana shida ke nan da Zhang da mutanensa suka gama karanta tsarin halittar sabuwar ƙwayar cutar korona da ke kwantar da mutane a Wuhan, haruffa kusan dubu 30 a jere, amma hukumomi ba su ba da damar fitarwa ba. Zhang ya yi jim, sannan ya ce a saka. Washegari aka rufe ɗakin gwajinsa, aka ce za a yi gyara.

Kwana biyu kacal da sakin bayanan, masana a kamfanin Moderna da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka kammala zanen allurar rigakafi. Ba wanda ya aiko musu da kwalbar samfuri, waɗannan haruffan kawai suka sauke a kwamfuta. A wannan ranar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa hanyar gwajin gano cutar da tawagar Christian Drosten ta tsara a Berlin. Ranar 16 ga Maris aka yi wa mutum na farko allurar gwaji a Seattle, ranar 8 ga Disamba kuma Birtaniya ta fara yi wa jama'a allurar Pfizer da BioNTech. Kafin nan, rigakafin da aka fi saurin samarwa a tarihi shi ne na hangum, shi ma sai da ya ci shekara huɗu.

To sai dai ranar 18 ga Janairun 2021, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya karanta wasu alƙaluma biyu a gaban wakilan ƙasashe. Ya ce an yi allura fiye da miliyan 39 a ƙasashe 49 masu hali, a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci kuwa an yi 25. Sai da ya maimaita don kada a ɗauka tuntuɓen harshe ne: ba miliyan 25 ba, ba dubu 25 ba, guda 25.

Duk wanda ke son fahimtar haɗin gwiwar duniya a kan sababbin cututtuka, to ya riƙe ranakun nan biyu, ta Zhang da ta Tedros. Hanyar tana da zuwa da dawowa. A zuwa, samfurin jini da bayanan ƙwayar cuta da labarin majinyata suna barin inda cutar ta ɓulla zuwa manyan ɗakunan gwaji, kuma wannan tafiyar yanzu kwanaki take ɗauka, wani lokaci ma sa'o'i. A dawowa, kayan gwaji da magani da rigakafi ne ya kamata su koma wurin waɗanda cutar ke ci. Nan ne motar ke mutuwa. Kusan duk rigimar da ake yi a Janeba, mazaunin Hukumar Lafiya ta Duniya, shekara ashirin ke nan a kan wannan dawowar take.

Abin da ya sa haɗin kan ya zama dole a fili yake. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na sababbin cututtukan da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke tsallakowa: Nipah daga jemage ta biyo ta aladu a Malesiya a 1998, MERS ta biyo ta raƙuma, Lassa daga ɓera, murar tsuntsaye daga kaji da agwagi. Cutar takan fara ne inda mutum da dabba suka fi cuɗanya, sau da yawa nesa da babban asibiti. Ɗakunan gwaji masu tsananin tsaro da za a iya rainon ƙwayar cuta irin Ebola a cikinsu kaɗan ne a duniya, yawancinsu a Turai da Arewacin Amurka da Asiya. Masana'antun rigakafi sun taru a hannun 'yan ƙasashe. Shi kuwa gwajin ko magani yana aiki, ba ya yiwuwa sai inda majinyata suke. Mai cuta yana nan, mai na'ura yana can, mai masana'anta yana wata uwa duniya, kuma kowa cikinsu yana riƙe da abin da sauran ba su da shi.

An ga amfanin hakan ƙarara a 2003, lokacin cutar SARS. Likita ɗan Italiya Carlo Urbani, ma'aikacin Hukumar Lafiya ta Duniya a Hanoi, shi ya ankarar da duniya cewa wannan ba mura ba ce da aka saba gani, cutar kuma ta kashe shi a ƙarshen Maris na shekarar. A tsakiyar watan ne hukumar ta haɗa ɗakunan gwaji 11 na ƙasashe 9, waɗanda a da kishiyoyin juna ne wajen rige-rigen wallafa bincike, ta sa su riƙa magana ta waya kullum suna musayar samfuri da hotunan abin da suka gani. Cikin wata guda aka tabbatar da cewa wata sabuwar ƙwaya ce daga dangin korona. Annobar ta tsaya a mutum kusan dubu 8, ta kashe 774. Ɓoye-ɓoyen da China ta yi a watannin farko ne ya sa aka sake rubuta dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa a 2005, aka ɗora wa kowace ƙasa wajibcin sanar da hukumar cikin sa'a 24 idan ta tantance cewa wata ɓarkewa na iya tsallaka iyaka.

Tsarin musayar da ya fi kowanne tsufa kuwa na mura ne. Tun 1952 ake da shi. Ɗakunan gwaji a ƙasashe fiye da 120 suna tattara samfurin mura duk shekara suna aika wa wasu 'yan manyan cibiyoyi, sau biyu a shekara masana su zauna su zaɓi nau'o'in da za a sa a allurar kaka mai zuwa, a miƙa wa kamfanoni. Sama da shekara hamsin ana haka ba wanda ya ɗaga murya ya tambayi wa ke cin ribar.

Wadda ta tambaya ita ce Siti Fadilah Supari, ministar lafiya ta Indonesiya. A lokacin ƙasarta ce kan gaba a duniya wajen mutuwar mutane da murar tsuntsaye nau'in H5N1, kusan takwas cikin goma na waɗanda aka tabbatar sun kamu suna mutuwa. Sai labari ya zo cewa wani kamfani a Ostareliya ya haɗa rigakafi da ƙwayar cutar da aka ɗauka daga Indonesiya, ba tare da an nemi izininta ba. A farkon 2007 duniya ta wayi gari da sanarwar cewa Indonesiya ta daina aika samfuri. Hujjar ministar ba ta da wuyar ganewa: mu ke bayar da ƙwayar cutar kyauta daga jikin matattunmu, a yi allura da ita, a yi mata rajistar mallaka, a dawo a sayar mana a farashin da ba za mu iya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

An yi mata ca. Masana da dama sun ce ta jefa duniya cikin haɗari, kuma suna da gaskiya, domin idan ƙwayar ta sauya ta fara yaɗuwa daga mutum zuwa mutum a wani ƙauye ba wanda ya sani, to 'yan Indonesiya ne ma za su fara biyan kuɗin wannan jahilcin. Amma ita ma ba a iya ƙaryata ta ba. Shekara biyu bayan haka, da annobar murar 2009 ta zo, ƙasashe masu kuɗi suka saye kusan duk allurar da za a fara fitarwa tun kafin a haɗa ta, gudummawar da aka yi wa matalauta kuma ta iso bayan guguwar ta lafa. A ganina wannan ne ya ba ta nasara a muhawarar fiye da duk jawabin da ta yi.

Sai da aka kwashe shekara huɗu ana ja-in-ja kafin a cim ma matsaya a watan Mayun 2011. Tsarin da aka amince da shi ciniki ne a fili. Ƙasashe za su ci gaba da ba da samfurin mura mai iya zama annoba, kamfanonin da ke amfana kuma za su riƙa biyan dala miliyan 28 a haɗe duk shekara don ƙarfafa sa ido da shirin ko-ta-kwana a ƙasashe masu rauni, sannan kowane kamfani ya sa hannu a kan kwangilar ware wani kaso na abin da yake samarwa idan annoba ta zo, galibi kusan kashi 10 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne kwangila ce da ake sa wa hannu lokacin zaman lafiya. Nakasun tsarin kuma shi ne mura kaɗai ya shafa. Ba ruwansa da korona, ba ruwansa da Ebola. Shi ya sa da MERS ta ɓulla a 2012, wani likita ɗan Masar da ke aiki a Jidda, Ali Mohamed Zaki, ya aika samfuri zuwa Rotterdam a Holan, aka gano ƙwayar, cibiyar ta nemi rajistar mallaka a kan wasu hanyoyin amfani da ita, Saudiyya kuma ta fusata, aka koma 'yar gidan jiya. A gefe guda kuma ga yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda aka tsara don kare albarkatun halittu na kowace ƙasa, irin su tsirrai, amma wasu ƙasashe suka fassara ta har da ƙwayoyin cuta. Ma'ana, kafin kwalba ta tsallaka iyaka sai lauyoyi sun zauna, ita kuwa annoba ba ta jiran lauya.

Kada a ɗora wa gwamnatoci da kamfanoni laifin duka. Su ma masana suna da nasu rowar. Masani da wallafa bincike yake ci gaba: ƙarin girma, tallafin kuɗi, suna, duk a kan wa ya riga wallafawa suke. Wanda ya saki bayanansa yau yana iya ganin wani a babbar jami'a mai tarin kwamfutoci ya nazarce su ya wallafa jibi, ko sunansa bai ambata ba. Don magance wannan tsoron aka buɗe rumbun bayanai na GISAID a 2008: kowa na iya dubawa, amma sai ya yi rajista da sunansa, ya yi alƙawarin ambaton waɗanda suka samar da bayanan, ya kuma nemi yin aiki tare da su. A zamanin korona an zuba jerin halittar ƙwayar fiye da miliyan 15 a cikinsa, abin da ba a taɓa yi wa wata cuta ba. Akwai ƙorafi a kan yadda ake tafiyar da rumbun da yadda ake toshe wa wasu masana hanya ba bayani, kuma masu son a saki komai ba sharaɗi suna ganin shinge ne. Duk da haka, wannan ɗan sharaɗin ne ya sa ɗakunan gwaji na ƙananan ƙasashe suka yarda suka buɗe hannu.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan fannin na Kenema ne a Saliyo. Asibitin gwamnati na garin ya daɗe yana aiki da masana daga Amurka a kan zazzaɓin Lassa, saboda haka da Ebola ta shigo a 2014 akwai ɗakin gwaji, akwai ma'aikata masu horo, akwai amana da aka riga aka gina. Suka karanta jerin halittar ƙwayar 99 daga majinyata 78, suka riƙa sakinsu a intanet nan take ba su jira mujalla ba. Da aka wallafa binciken a ƙarshen Agusta, biyar daga cikin marubutansa Ebola ta riga ta kashe su, har da Dakta Sheik Humarr Khan da ke jagorantar yaƙin a ƙasar. Bayan wannan sadaukarwar sai aka yi kusan wata uku ba wanda ya saki sabon jeri ko ɗaya, alhali a lokacin ne annobar ta fi tsanani, kuma ɗakunan gwaji na ƙasashen waje suna ta ɗibar jini. Dubban waɗannan samfurori an fitar da su daga Gini da Laberiya da Saliyo zuwa ƙetare, ƙasashen da suka fito daga cikinsu ba su da cikakken iko a kansu.

Annobar ta kama mutum fiye da dubu 28, ta kashe sama da dubu 11. Abin takaicin shi ne akwai rigakafi. Masana a ɗakin gwajin gwamnatin Kanada da ke Winnipeg sun haɗa shi, tun 2005 aka nuna yana kare birai sarai. Ya zauna a firji kusan shekara goma saboda ba kasuwa: cutar da ke kama 'yan ɗaruruwa a ƙauyukan Afirka ta Tsakiya ba ta mayar da kuɗin gwaji. Sai da wuta ta kama aka ɗauko shi a gaggauce. A watan Maris na 2015 gwamnatin Gini da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin MSF da cibiyar lafiyar jama'a ta Norway suka fara gwaji da dabarar da aka kawar da agana da ita, wato a yi wa duk wanda ya yi hulɗa da majinyaci allura, da waɗanda suka yi hulɗa da su, a zagaye cutar kamar zobe. Cikin mutum 5,837 da aka yi wa allurar, ba ko ɗaya da ya kamu bayan kwana goma. Da Ebola ta sake ɓarkewa a gabashin Kwango daga 2018 zuwa 2020, an yi wa mutum fiye da dubu 300.

Daga wannan kunyar aka haifi CEPI a Janairun 2017, gidauniyar da Norway da Indiya da gidauniyar Gates da ta Wellcome suka assasa, Jamus da Japan suka zuba kuɗi. Aikinta shi ne biyan kuɗin rigakafin da kasuwa ba za ta biya ba, na Lassa da Nipah da MERS da makamantansu, a kai su matakin da za a iya gwada su da zarar cuta ta ɓarke. Aikin da Jami'ar Oxford ta yi a kan MERS shi ne tubalin da aka gina allurar korona ta AstraZeneca a kansa. Yanzu burin da suka sa a gaba shi ne kwana 100 daga gano sabuwar ƙwayar cuta zuwa samun allura, maimakon 326 da korona ta ɗauka.

Gwajin magani ma wani fage ne da haɗin kai ya nuna kansa. A 2020 an yi rajistar gwaje-gwaje barkatai a kan korona, yawancinsu ƙanana ne da ba za su iya tabbatar da komai ba, kowane asibiti na son ya zama shi ya gano. Amsoshin da suka ceci rai daga manyan gwaje-gwaje ƙalilan suka fito. Gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya haɗa asibitoci sama da 170 a kan tsari ɗaya mai sauƙi, ya sanar ranar 16 ga Yuni cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha da ake da shi ko'ina, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Gwajin Solidarity na Hukumar Lafiya ta Duniya, a asibitoci 405 na ƙasashe 30, ya nuna cewa hydroxychloroquine da wasu magunguna uku da ake ta yayatawa ba su rage mutuwa yadda aka zata ba. Sanin abin da ba ya aiki ma riba ce, domin yana hana ƙasa mai ƙaramin aljihu zubar da kuɗinta.

In ana son ganin abin da shiri ke yi, a dubi Yuganda. A 2022 da Ebola nau'in Sudan ta ɓarke, allurar gwaji ta iso bayan kwana 79, lokacin cutar ta kusa ƙarewa, ba a samu wanda za a gwada a kansa ba. Sai aka zauna aka rubuta tsarin gwajin, aka samu amincewar hukumomi, aka horar da ma'aikata, aka ajiye allurai a ƙasar. Da cutar ta dawo a ƙarshen Janairun 2025, kwana huɗu aka yi aka fara gwaji. Ruwanda ma a 2024 ta fara allurar gwaji ta Marburg, cutar da ke 'yar uwar Ebola, cikin kwana goma da sanar da ɓarkewa. Ilimin bai canja sosai ba tsakanin 2022 da 2025, takardu ne aka sa wa hannu da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya dawo da mu kan korona da dalilin da ya sa dawowar ta gagara. Shirin COVAX tunani ne mai kyau: a tara kuɗi wuri ɗaya, a saya wa duniya baki ɗaya allurar korona, a raba daidai. Amma an kafa shi ne bayan annoba ta riga ta fara, kafin ya tara kuɗi manyan ƙasashe sun shiga layi sun ƙulla cinikinsu kai tsaye. Kanada ta yi odar abin da zai ishi jama'arta sau biyar. Kason farko na shirin, allura dubu 600, ya sauka a Ghana ranar 24 ga Fabrairun 2021. Mafi yawan abin da ake sa rai daga masana'anta ɗaya zai fito, Serum Institute ta Indiya, sai ga guguwar korona nau'in Delta ta afka wa Indiya, gwamnati ta tsayar da fitar da allura na watanni. Ban ga laifin Indiya ba fiye da na sauran, kowace gwamnati da gawarwaki suka cika mata asibiti haka za ta yi. So so ne, amma son kai ya fi. Laifin na tsarin da ya rataya rayuwar ƙasashe da dama a kan ƙofar masana'anta ɗaya ne. An yi alƙawarin allura biliyan 2 kafin ƙarshen 2021, ko biliyan ɗaya ba a cika ba sai a tsakiyar Janairun 2022.

Sai kuma Omicron. A watan Nuwambar 2021 Sikhulile Moyo a Botswana da tawagar Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu suka ga wani nau'i mai sauye-sauye da yawa, suka saki bayanan, aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga wata. Cikin kwana biyu Birtaniya da Tarayyar Turai da Amurka suka fara rufe ƙofa ga matafiya daga kudancin Afirka. Daga baya aka gano nau'in ya riga ya isa Turai kafin sanarwar. Dakatar da jiragen har ya jawo ƙarancin sinadaran da su waɗannan masanan ke buƙata don ci gaba da aikin. Duk ministan lafiya a duniya ya ga abin da faɗin gaskiya da wuri ya jawo wa ƙasashen biyu, kuma ba dokar 2005 da za ta goge masa wannan darasin.

Akwai misalan da suka fi wannan tsufa. Jean-Jacques Muyembe, ɗan Kwango, na cikin likitocin farko da suka isa garin Yambuku na ƙasar a 1976 lokacin ɓullar Ebola ta farko. Daga jinin wani da ya tsira a ɓarkewar garin Kikwit ta 1995 aka ciro, da haɗin gwiwar Muyembe, sinadarin da ya zama maganin mAb114, aka gwada shi a kan majinyatan Kwango a tsakiyar rikici daga 2018 zuwa 2019, Amurka ta ba shi lasisi a 2020. Jinin na Kwango, gwajin a Kwango, amma mallakar da ajiyar suna wani wuri. Ƙyandar biri ma haka: tun 1970 aka san ta a jikin mutum a Kwango, da ta shiga Turai da Amurka a 2022 aka yi ta allura cikin makonni, ita kuwa Kwango kason farko bai iso ta ba sai Satumban 2024.

Mutane da yawa sun ɗauka haƙƙin mallaka ne kaɗai matsalar. Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine shi a Oktoban 2020, aka ja har Yunin 2022 kafin a ba da wani ɗan sassauci da ya shafi rigakafi kawai. Amma takardar mallaka ba ta koya wa mutum aiki. Haɗa rigakafi yana buƙatar ƙwarewar da ba a rubuta ta a takarda, da ɗaruruwan kayan haɗi daga ƙasashe daban-daban, da hukumar tantance inganci da duniya ta yarda da ita. Shi ya sa cibiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a Cape Town a 2021 take da muhimmanci. Manyan kamfanonin ba su ba da sirrin aikinsu ba, sai masanan kamfanin Afrigen suka bi bayanan da ke fili suka haɗa tasu allurar mRNA, irin ta Moderna, a farkon 2022, suka fara koyar da abokan hulɗa daga ƙasashe 15. Afirka na samar da kusan kashi 1 cikin ɗari ne na rigakafin da take amfani da shi, Tarayyar Afirka kuma ta sa burin kashi 60 nan da 2040. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wa zai riƙa saye a shekarun da babu annoba. Kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu ya shirya samar da allurar korona a 2022, oda ba ta zo ba. Masana'antar da ba ta da ciniki a lokacin lafiya ba za ta kai ranar annoba a raye ba, kuma saboda wannan ne ƙawancen samar da rigakafi na Gavi ya ware har dala biliyan 1.2 a 2024 don tallafa wa masu samarwa a nahiyar na shekara goma.

Su ma kamfanoni suna da hujjar da ya kamata a saurara. Suna cewa saurin 2020 ya samu ne domin ba wanda ya tsaya neman izini, idan aka sa sharaɗi da haraji a kan kowane samfuri to za a rage gudu, kowa kuma zai yi asara. Gaskiya ne. Sai dai bayanan nan da suke kira kyauta wani ne ya biya su, da kuɗin ƙasarsa ko da ransa, kuma kaso mai yawa na kuɗin binciken alluran korona daga baitulmalin gwamnatoci ya fito.

Wannan cinikin ne aka kai teburin yarjejeniyar annoba, wadda Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ita ranar 20 ga Mayun 2025 bayan fiye da shekara uku ana tattaunawa. Zuciyarta ita ce faɗaɗa tsarin mura na 2011 zuwa duk ƙwayar cuta mai iya zama annoba: ƙasashe su ba da samfuri da bayanai da sauri, kamfanonin da suka shiga tsarin su ware wa Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 20 cikin ɗari na rigakafi da magani da kayan gwaji a daidai lokacin da ake samar da su, aƙalla kashi 10 kyauta, saura a farashi mai sauƙi. Kalmar "a daidai lokacin" ita ce mai tsada, don gudummawar da ta zo bayan wata tara ihu ne bayan hari. Amma yadda za a aiwatar da wannan sashen an bar shi ga wata takarda ta daban da aka ce a ci gaba da tattaunawa a kanta, kuma aka sharɗanta ba za a buɗe yarjejeniyar don sa hannu ba sai an gama ta.

Ƙullin da ya fi wuyar kwancewa a cikinta shi ne wanda labarin Zhang ya nuna. A 2007 Indonesiya tana da abin riƙewa, wato kwalba a firji, kuma kwalba ana iya bin sawunta, a san wa ya karɓa, a sa shi ya sa hannu. Yanzu kamfani na iya haɗa allura daga haruffan da ya sauke a intanet cikin daƙiƙa. Idan aka bar rumbunan a buɗe ga kowa ba rajista, ba yadda za a san wanda ya amfana balle a bi shi bashi. Idan aka kulle su sai da kwangila, ɗalibin da ke bin sawun cuta a ƙaramar jami'a shi ma ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙasashe masu tasowa na son a ɗaure kowane jeri da alamar asalinsa da sharaɗi mai ƙarfin doka, ƙasashe masu manyan kamfanoni na son shiga ta zama ta ganin dama. Sannan Amurka, wadda ta fi kowa zuba kuɗi a binciken lafiya kuma take da da yawa daga cikin kamfanonin da ake magana a kansu, ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 20 ga Janairun 2025, ta fice daga tattaunawar, ta koma ƙulla yarjejeniyar lafiya da ƙasashe ɗai-ɗai. Ko bayan an buɗe yarjejeniyar Janeba don sa hannu, ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a gida, kowace bisa tsarin dokokinta.